Me Maƙerin Wuƙa Zai Sayar Ranar da Aka Hana Riƙe Wuƙa? Tarihin Jar Wuƙar Suwizalan



Da wuya a sami wanda bai taɓa cin karo da ita ba a cikinmu, ko ta ainihi ko jabunta da ake bajewa a faifai a bakin kasuwa: 'yar jar wuƙar nan mai naɗewa, wadda in ka ja nan almakashi ya fito, ka ja can mabuɗin kwalba ya fito. Duniya ta san ta da sunan wuƙar sojan Suwizalan. To a watan Mayun 2024, shugaban kamfanin Victorinox da ke ƙera ta, Carl Elsener, ya shaida wa jaridar Blick ta ƙasarsu cewa suna aikin fito da wasu nau'o'inta waɗanda wuƙar kanta ba ta cikinsu. Mutane da yawa sun yi dariya, suna tambayar me ya rage wa wuƙa in an cire mata kaifi. Amma wanda ya bi tarihin gidan zai ga cewa tun ranar farko ba kaifin ne kaɗai ya riƙe su ba. Fiye da shekara 140 ke nan tambaya ɗaya suke ta amsawa: ban da yanka, me kuma hannun mai riƙe da wuƙar nan yake nema?

Bindiga da gwangwani ne suka fara

A ƙarshen shekarun 1880 rundunar sojan Suwizalan ta karɓi sabuwar bindiga, samfurin Schmidt-Rubin na 1889. Bindiga ce da ba a kwance ta domin gogewa sai da sukudireba. A lokacin kuma an fara ba sojoji abincinsu a gwangwani. Soja ke nan yana da buƙata biyu sababbi, ga aljihu ɗaya. Sai hukuma ta nemi a yi mata wuƙa mai naɗewa mai ɗauke da abu huɗu: ruwan wuƙa, sukudireba, mabuɗin gwangwani, da tsinken huda fata irin basilla, domin gyaran linzami da ɗamara. Aka sa mata suna samfurin 1890. Mariƙinta na katako ne mai duhu, ba ja ba.

Abin kunyar shi ne, a duk faɗin ƙasar ba a sami masana'antar da za ta iya yin adadin da ake so ba. Kwangilar farko ta wuƙa 15,000 sai aka kai ta garin Solingen na Jamus, garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana ƙera takubba da wuƙaƙe, aka ba kamfanin Wester.

Wannan ya yi wa wani maƙeri ciwo. Sunansa Karl Elsener, an haife shi a 1860, ya koyi sana'a a gida da Faransa da kudancin Jamus, sannan ya buɗe maƙerarsa a 1884 a ƙauyen Ibach da ke yankin Schwyz, da tallafin mahaifiyarsa Victoria. Suwizalan ta wancan zamani ba ita ce ƙasar bankuna da muka sani yau ba. Yankunan duwatsu irin nasu talauci ya yi musu katutu, matasa kuma suna ta ƙaura zuwa Amurka domin babu aikin yi. Elsener ya ga cewa kuɗin wuƙar sojansu bai kamata ya tsallaka iyaka ba. Ya haɗa kan 'yan uwansa maƙera cikin ƙungiya ɗaya, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kafin 1891 ta ƙare sun fara kai wa soja wuƙa ƙirar gida.

Harkar ba ta yi daɗi ba. Masana'antun Solingen na aiki da injuna, suna iya karya farashi yadda mai aikin hannu ba zai iya ba. Abokan tafiyar suka janye ɗaya bayan ɗaya, aka bar Elsener da bashi har wuya, ya kusa karyewa ƙwaf.

Dabarar sifirin biyu

A nan ne ya yi abin da ya sauya tarihin gidansa. Bai ci gaba da kokawa da Jamusawa a kan araha ba, domin ya san ba zai ci ba. Sai ya duba wa aka manta da shi. Wuƙar soja tana da ƙarfi amma tana da nauyi da kauri, hafsoshi kuwa ba a raba musu ita, da kuɗinsu suke sayen tasu. Mutane ne masu son abu mara nauyi, mai kyan gani, wanda ba zai kumbura musu aljihu ba.

Matsalar ƙira ita ce, a wuƙa mai naɗewa kowane ƙarfe yana buƙatar sifirin da zai danne shi ya tsaya cak in an buɗe, ya kuma riƙe shi in an rufe. In ka ƙara kayan aiki sai ka ƙara sifirin, wuƙar ta ƙara kauri. Elsener ya gano yadda sifirin ɗaya zai riƙe kayan aiki ta ciki da ta bayan mariƙi a lokaci guda. Da sifirin biyu kacal ya zaunar da kayan aiki shida: huɗun nan na soja, ya ƙara ƙaramin ruwan wuƙa na biyu da murɗaɗɗen ƙarfen cire toshiyar kwalbar giya, abin da hafsan Turai ke buƙata a teburinsa. Ranar 12 ga Yuni 1897 ya yi mata rajista da sunan wuƙar hafsa da 'yan wasanni.

Rundunar soja ba ta taɓa ɗaukar wannan wuƙa a matsayin kayan aikinta na hukuma ba. Hafsoshi dai suka yi ta saye da kansu, farar hula suka bi sahu, kuma ita ce ta fitar da shi daga bashi. Jar wuƙar da muka sani yau jikanyarta ce.

Da mahaifiyarsa ta rasu a 1909, ya sa wa kayansa sunanta, Victoria, ya kuma ɗauki tambarin garkuwa mai gicciye. A 1921, bayan rasuwarsa da shekara uku, lokacin da ƙarfe mara tsatsa ya shigo harkar wuƙa, aka haɗa sunan da kalmar inox, wadda ke nufin irin wannan ƙarfe a Faransanci, ya zama Victorinox. Ba su kaɗai ke da kasuwar ba. Akwai wani kamfani a yankin Jura mai magana da Faransanci, wanda aka sani da Wenger, kuma tun 1908 gwamnati ta raba kwangilar soja biyu tsakaninsu. Bayan yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka da ke zaune a Turai suka riƙa sayenta a kantunan barikinsu suna kai tsaraba gida. Sunanta na Jamusanci ya yi wa harshensu nauyi, sai suka kira ta wuƙar sojan Suwizalan kawai, sunan ya bi ta.

Wanda ya zauna da wanda ya zama abin kallo

Daga nan aka shiga zamanin ƙare-ƙare. Almakashi ya shiga, zarto ya shiga, magagari, matsefata, tsinken sakace, gilashin ƙara girman rubutu, alƙalami, 'yar fitila. Wajen shekarar 2000 aka yi wadda ke da kawunan sukudireba iri-iri domin masu kwance kwamfuta, a 2004 kuma aka sa mata ma'ajiyar USB. Akwai wadda aka ƙera tare da ma'aikatan ceto, mai ƙarfen fasa gilashin mota da lanƙwasasshen kaifi na yanke bel ɗin kujera ba tare da an ji wa wanda hatsari ya rutsa da shi ciwo ba. Ita kanta wuƙar soja an sake ta a 2008, aka yi ta yadda za a iya buɗe ta da hannu ɗaya, domin sau da yawa ɗaya hannun yana riƙe da wani abu.

Ka lura, mai karatu, kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai mutum a bayansa da matsalarsa. Kwatanta su da abin da Wenger ya fitar a 2006, wata ƙatuwar wuƙa mai kayan aiki 87 da ake cewa tana yin aiki 141. Ta shiga kundin bajinta na Guinness, amma faɗinta ya haura santimita 20. Ba ta shiga aljihu, tafin hannu ba ya kewaye ta, balle a kwance noti da ita. Duk abin da gidan ya iya yana jikinta, amma babu wanda za a nuna a ce domin shi aka yi ta. Masu tara kayan tarihi ne suka saye ta suka sa a gilashi.

Babban darasin ma daga waje ya zo musu. A 1975 wani injiniya ɗan Amurka, Tim Leatherman, ya yi doguwar tafiya a Turai tare da matarsa cikin wata tsohuwar Fiat mai yawan lalacewa, suna kwana a otal-otal masu araha inda famfo ke yoyo. Yana da wuƙar aljihu, amma kullum abin da yake nema shi ne filaya. Da ya koma gida ya shafe shekara takwas yana fama da ƙira da neman mai saye. Kamfanonin wuƙa suka ce masa wannan ai kayan kanikanci ne, kamfanonin kayan aiki suka ce abin wasa ne. A 1983 ya sami odar farko ta guda 500, ya kafa kamfaninsa a Portland. Shi ya juya tsarin ne gaba ɗaya: filaya ta zama uwa, wuƙa ta koma ɗaya daga cikin 'ya'yan da ke ɓoye a mariƙi. Masu sana'ar wuƙa sun yi kusan ƙarni suna kallon aljihun mutane ba su ga wannan giɓi ba, sai wanda motarsa ta mutu a hanya ya gani. Victorinox bai fito da nasa irin ba sai 1997.

Ranar da kasuwa ta rufe

Kafin 2001, kantunan filayen jirgin sama suna cikin manyan wuraren da ake sayar da jar wuƙar, har a cikin jirgi ana tallarta. Bayan harin 11 ga Satumba aka haramta shiga jirgi da wuƙa kowace iri. Cinikin wuƙar aljihu na Victorinox ya faɗi da fiye da kashi 30 cikin ɗari kusan dare ɗaya.

Kamfanoni biyu, masifa ɗaya, amma ƙarshensu ya bambanta. Victorinox bai sallami ma'aikaci ko ɗaya ba. Ya ci daga ajiyar da ya tara a shekarun yalwa, ya ba wasu masana'antun yankin aron ma'aikatansa har ƙura ta lafa, ya kuma jingina da abubuwan da ya riga ya fara tun kafin a shiga uku: wuƙaƙen girki da na mahauta waɗanda ya daɗe yana yi, agogo tun 1989, jakunkunan tafiya tun 1999. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wenger kuwa bai iya miƙewa ba, a 2005 Victorinox ya saye shi, a 2013 kuma aka daina buga sunan Wenger a kan wuƙa.

Ba duk abin da suka gwada ne ya karɓe su ba. Sun shiga harkar tufafi a 2001, suka rufe ta a 2017. Wuƙar girki daga wuta ɗaya da hannu ɗaya ta fito da wuƙar aljihu, agogo kuma ƙasarsu ta riga ta yi suna a kansa. Riga kuwa babu abin da ya haɗa ta da maƙera sai tambarin da aka liƙa mata a ƙirji.

Komawa ga maganar 2024

Yanzu ba filin jirgi kaɗai ba ne. Yawan soke-soke da wuƙa ya sa ƙasashe da dama sun tsaurara doka. A Ingila, alal misali, ba ka da ikon yawo da wuƙa haka kawai sai mai naɗewa wadda ba ta kullewa, kuma tsawon ruwanta bai wuce inci 3 ba. Shugaban kamfanin ya ce a wasu ƙasashen ganin kaifin kawai kan sa a ɗauki abin a matsayin makami. Misalin da ya bayar na abin da suke tunani shi ne kayan aiki na masu hawan keke, waɗanda ke buƙatar abin ɗaure noti a hanya amma ba lallai su buƙaci yanka komai ba.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Sai dai tarihin nan ya nuna cewa ba kowace sabuwar rawa ce ke karɓar mai ita ba. Sukudireba ya shiga wuƙa ne saboda bindigar 1889, mabuɗin gwangwani saboda abincin soja, filaya saboda wata tsohuwar Fiat, mayankin bel saboda wanda ya maƙale a mota. Maƙerin da ke neman sabon abin da zai ƙera ba a cikin maƙerarsa zai same shi ba, sai ya fita ya tsaya kusa da mai aiki, ya ga lokacin da ya laluba aljihu ya rasa abin da yake nema. Ko mai keke zai yarda ya biya kuɗin jar wuƙar da ba ta yanka, wannan kasuwa ce za ta faɗa. A Ibach dai har yau ana aiki, kuma tattaɓa-kunnen Karl Elsener ne ke riƙe da gidan.