Zare: Iyalan Spafford, daga hatsarin teku zuwa tukunyar abinci a Ƙudus

1/ Jama'a, yau tarihin wani gida na Kiristoci 'yan Amurka na kawo muku. Da yawa sun san waƙar da maigidan ya rubuta, It Is Well with My Soul, wadda ake rerawa a coci da wajen jana'iza har a nan Najeriya. Ni dai abin da ya biyo bayan waƙar ne ya fi tsaya mini a rai. Ku biyo ni a hankali.

2/ Horatio Spafford lauya ne a birnin Shikago, mai rufin asiri, kuma dattijo a cocinsu. Ya zuba kuɗinsa a filaye da gidaje. A watan Oktoba na 1871 gobara ta tashi ta cinye babban ɓangare na birnin, wajen mutum 100,000 suka rasa matsuguni. Dukiyarsa mai yawa ta bi wuta.

3/ A 1873 ya shirya kai iyalinsa Turai su huta. Wata harka ta riƙe shi, sai ya sa matarsa Anna da 'ya'yansu mata huɗu a jirgin ruwan Faransa mai suna Ville du Havre, da niyyar zai biyo su. Daren 22 ga Nuwamba jirgin ya yi karo da wani, Loch Earn, a tsakiyar tekun Atlantika. Cikin kamar minti 12 ya nutse. Mutum 226 suka mutu.

4/ An tsinci Anna a sume bisa wani katako. Annie, Maggie, Bessie da Tanetta kuwa duk sun tafi. Da aka sauke waɗanda suka tsira a Kadif ta ƙasar Birtaniya, ta buga wa mijinta waya: ita kaɗai ta tsira, yaya za ta yi? Ku ɗan tsaya ku auna uban da ya buɗe wannan takarda.

5/ Nan da nan ya hau jirgi ya bi ta. Kamar yadda iyalinsa suka ba da labari, kyaftin ya kira shi ya ce yanzu suna wucewa ta inda abin ya faru. Daga wannan tafiya waƙar ta fito. Ba ta ɓoye baƙin ciki ba, ta ambace shi ƙarara. Sannan ta jingina da abin da Kirista ya dogara da shi: Almasihu ya ɗauke zunubinsa, kuma mutuwa ba ita ce ƙarshen magana ba.

6/ Philip Bliss ne ya sa mata kiɗa a 1876, ya ba wa karin sunan jirgin da ya nutse. A Disambar wannan shekarar shi da matarsa suka rasu a hatsarin jirgin ƙasa a jihar Ohayo.

7/ Jarrabawa ba ta ƙare ba. A 1880 ɗan da suka haifa bayan hatsarin ya mutu da zazzaɓi yana ƙarami. Wasu a cocinsu suka fara raɗe-raɗin wai ko wani zunubi ne Allah yake hukunta su a kai. Irin abin da abokan Ayuba suka yi masa ke nan. Har gobe akwai masu zuwa gaisuwar mutuwa da irin wannan baki.

8/ A 1881 suka tattara, su da 'yan abokai kaɗan, suka koma Ƙudus, wato Urushalima, lokacin tana hannun Turkawa. Suka kama gida a tsohon gari kusa da Ƙofar Dimashƙu. Aka riƙa kiransu American Colony. Jinyar marasa lafiya, koyarwa da ciyarwa suka sa gaba, ba tare da matsa wa kowa ya sauya addini ba. Musulmi, Yahudu da Kirista duk suna shiga gidan.

9/ A 1882 wasu Yahudawa suka iso daga Yaman a galabaice, ba kuɗi ba wurin kwana. Gidan Spafford ne ya riƙa dafa musu abinci. Horatio ya rasu a 1888 da zazzaɓin cizon sauro, an binne shi a can.

10/ Kada in mayar da su waliyyai. Da Anna ta karɓi jagoranci ta yi tsanani sosai, har ta hana aure a cikin jama'ar na tsawon shekaru. Wanda wahala ta dafa ma yakan yi kuskure. Amma tukunya ba ta sauka daga wuta ba.

11/ Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya fara ta afka wa Falasɗinu a 1915, yunwa ta shigo. Suka buɗe wurin rabon abinci ga talakawan gari. Ko da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, hukumomin Turkawa sun bar su suna kula da asibitocin waɗanda suka ji rauni, saboda yardar da suka samu.

12/ Anna ta rasu a 1923. A jajiberin Kirsimeti na 1925 'yarsu Bertha, wadda aka haifa bayan hatsarin, ta haɗu da wani Balarabe ya kawo matarsa mara lafiya da jinjiri. Matar ta rasu, Bertha ta karɓi jinjirin. Daga nan gidan renon jarirai ya fara, wanda ya zama Spafford Children's Center. Yana nan a Ƙudus yana kula da yaran Falasɗinawa.

13/ A wasiƙarsa ta biyu ga Korintiyawa, Manzo Bulus ya koyar cewa ta'aziyyar da Allah ya yi wa mutum amana ce, domin ya kai ta ga wani mai kuka. A gidan Spafford na ga yadda hakan yake a aikace: iyayen da ba su samu ko gawar 'ya'yansu sun binne ba, suka ƙare da renon 'ya'yan wasu.

14/ In ka je gidan rasuwa, kada ka tsaya binciken dalilin da ya sa Allah ya yi haka. Zauna da su, kai abinci, ka sake leƙowa bayan mako biyu lokacin da kowa ya watse. Allah Ya sanyaya zuciyar duk wanda yake cikin rashi.