Guguwar Katrina: Yadda mazauna gaɓar tekun Amurka suka fuskanci bala'in 2005 da abin da ya biyo baya

Katrina suna ne na mahaukaciyar guguwar teku da ta afka wa kudancin Amurka a watan Agustan 2005. Ta taso kusa da tsibiran Bahamas ranar 23 ga wata, ta ratsa kudancin jihar Florida, sannan ta ƙara ƙarfi a kan ɗumin ruwan Tekun Mexico har ta kai mataki na 5, wanda shi ne ƙololuwa a ma'aunin guguwa. Da safiyar 29 ga wata ta sauka a gaɓar jihar Louisiana tana mataki na 3. An daɗe ana ambaton mutum 1,833 a matsayin waɗanda suka rasu, amma a 2023 cibiyar lura da guguwa ta ƙasar ta mayar da adadin 1,392. An ƙiyasta asarar dukiya a kan dala biliyan 125.

Dalilin nutsewar New Orleans

A jihar Mississippi, igiyar ruwan da guguwar ta turo ta kai tsayin mita takwas a wajen garin Pass Christian, ta share gidajen bakin teku. A birnin New Orleans kuwa, wanda kusan rabinsa yake ƙasa da fuskar teku, katangu da shingayen tare ruwa ne suka ɓalle a wurare fiye da 50, ruwa ya mamaye kimanin kashi 80 cikin ɗari na birnin. Rundunar injiniyoyin sojan Amurka, wadda ta tsara shingayen, ta amince a watan Yunin 2006 cewa akwai kurakurai a tsarinsu. Shi ya sa masana da yawa suke ɗaukar ambaliyar birnin a matsayin gazawar aikin hukuma.

Waɗanda ba su iya fita ba

Magajin garin, Ray Nagin, ya ba da umarnin ficewa na dole ranar 28 ga Agusta, ana saura ƙasa da kwana guda guguwar ta iso. Mafi yawan jama'a sun fita da motocinsu. Sai dai kusan gida ɗaya cikin kowane huɗu ba shi da mota, kuma ba a tanadi motocin kwashe su zuwa wajen birni ba. Talakawa da tsofaffi da marasa lafiya ne suka fi rinjaye cikin waɗanda suka rage, akasarinsu baƙaƙen fata. Dubun dubata sun fake a filin wasa na Superdome da babban zauren taro na birnin, inda suka yi kwanaki cikin zafi da ƙarancin ruwa da abinci. Dakarun tsaron gaɓar teku sun ceto mutum fiye da 33,000, maƙwabta da masunta kuma suka kwaso wasu da kwalekwalensu. Jinkirin agaji ya jawo wa gwamnatin George W. Bush kakkausar suka, har shugaban hukumar ba da agajin gaggawa ta FEMA, Michael Brown, ya yi murabus ranar 12 ga Satumba.

Rabon kuɗin sake gini

Bayan janyewar ruwa, muhawara ta koma kan wanda zai samu damar komawa gida. Shirin tallafi na Road Home ya kan lissafa abin da zai bai wa mai gida bisa darajar gidansa a kasuwa kafin guguwar, alhali kuɗin gyara bai san unguwa ba. Saboda gidajen unguwannin baƙaƙen fata sun fi araha, masu su sun karɓi abin da bai isa gini ba. An kai ƙara a 2008, aka sasanta a 2011. A watan Disamban 2007 majalisar birnin ta amince da rushe manyan rukunonin gidajen gwamnati huɗu, masu ɗauke da matsugunai kusan 4,500. Asibitin Charity, wanda marasa galihu suka dogara da shi, bai sake buɗewa ba.

Ƙidayar jama'a ta nuna tasirin waɗannan matakai. Birnin yana da mutum 484,674 a shekarar 2000, ya koma 343,829 a 2010, kuma kason baƙaƙen fata ya sauka daga kashi 67 zuwa 60 cikin ɗari. Unguwar Lower Ninth Ward ba ta sake cika ba har yau.

Ƙarfin haɗin kai

Al'ummar da ta fi saurin farfaɗowa ta haɗa da 'yan asalin Vietnam mazauna gabashin birnin. Cocinsu na Mary Queen of Vietnam ya zama cibiyar neman waɗanda suka watse da matsa wa hukuma lamba ta dawo da wutar lantarki. A 2006 suka haɗa kai da masu fafutikar kare muhalli har aka rufe jujin tarkacen guguwa da aka buɗe kusa da gidajensu.

Abin da ya sauya

A 2006 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar yi wa FEMA garambawul, aka kuma kashe kusan dala biliyan 14 da rabi wajen sabon tsarin shingaye da injinan zuƙe ruwa. Da guguwar Gustav ta tunkaro a 2008, hukumomi sun kwashe marasa mota da bas-bas da jiragen ƙasa. Ranar 29 ga Agustan 2021, shekara 16 cif bayan Katrina, guguwar Ida ta sauka a Louisiana tana mataki na 4. Shingayen New Orleans sun riƙe, amma wuta ta ɗauke a birnin baki ɗaya, kuma zafin kwanakin da suka biyo ya yi ajalin mutane, musamman tsofaffi.