Yadda FedEx ya haɗiye Damisa

Kawuna yana da rumfa a kasuwa, nan Maraɗi. Ina yaro ya saye ta, kuma na tuna ranar da ya kai ni in gani. Kwano ne mai tsatsa, da tebur mai ƙafa uku da rabi. Da na ji kuɗin da ya biya sai na ce, "Kawu, an cuce ka." Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, dubi inda take. Duk mai shiga kasuwa ta gabanta zai bi." Wannan magana ce ta dawo mini bara, sa'ad da malaminmu ya ba ƙungiyarmu aikin bincike a kan sufurin kaya ta sama, na ci karo da labarin wani kampani na Amurka mai suna Flying Tiger Line, wato Damisa Mai Tashi.

Sunan daga yaƙi ya fito. A farkon yaƙin duniya na biyu wasu matuƙan jirgi Amurkawa sun tafi ƙasar Sin suna yaƙar Japan, an zana wa jiragensu baki mai haƙora, aka yi musu laƙabi da damisoshi. Ɗaya daga cikinsu, Robert Prescott, da ya dawo gida sai ya tara abokan yaƙinsa suka kafa kampani a 1945, da tsofaffin jiragen da soja suka gama da su. Babbar sana'arsu ba ɗaukar fasinja ba ce, kaya suke ɗauka: furanni, inabi, kayan ɗaki, injuna, dabbobi, duk abin da aka kawo. A 1949 gwamnati ta ba su izinin jigilar kaya a kan tsayayyen lokaci, kamar yadda motar tasha take da ranarta. A 1969 suka samu hanyar ƙetare tekun Pasifik zuwa Asiya. Riƙe wannan shekara, za mu dawo mata.

Damisa ma ta ci wani kafin a ci ta. Prescott ya rasu a 1978, bayan shekara biyu kampaninsa ya haɗiye Seaboard World Airlines, wanda ƙarfinsa yake kan hanyar Turai. Ga Pasifik a hannun dama, ga Atlantika a hannun hagu, aka wayi gari babu kampanin kayan sama da ya kai shi girma a duniya. Amma girman bai zo da lafiya ba. Bashi ya taru, farashin ɗaukar kaya ya faɗi saboda gasa, shekaru suka jeru ana asara. A ƙarshen 1986 shugaban kampanin, Stephen Wolf, ya ce ko ma'aikata su yarda a rage musu albashi ko a rufe. Suka yarda. Kampani ya farfaɗo, ya fara cin riba, sai ya zama abin sha'awa ga mai saye. Ni nan ne abin ya fara ci mini rai: guminsu ne ya gyara hajar da aka kai kasuwa.

Mai sayen kuwa ƙane ne a shekaru. Fred Smith ya fara Federal Express a daren 17 ga Afrilu 1973, da ƙananan jirage 14 ƙirar Falcon ta Faransa, da ƙunshin saƙo 186 zuwa garuruwa 25. Dabararsa ita ce kowane saƙo, ko ina za shi, sai ya kwana a birnin Memfis, a tantance shi cikin dare, da asuba ya kama hanya. Da aka sassauta dokar jigilar kaya ta sama a 1977 sai ya sayi manyan jirage, ya cika Amurka. Abin da ya gagare shi shi ne waje.

To mi ya hana? Kuɗi yana da su, jirgi ana sayar da shi ga duk mai biya. Amma sararin sama ba daji ba ne. Tun taron Shikago na 1944, kowace ƙasa ita ke da ikon samanta, kuma izinin sauka gwamnati da gwamnati ne suke zama su raba: kampani kaza, sau kaza a mako, filin jirgi kaza. Tsakanin Amurka da Japan akwai yarjejeniya tun 1952, kuma kampanonin Amurka ƙalilan ne suka samu cikakken matsayi a cikinta. Damisa tana cikinsu. Tana iya sauka Tokiyo, ta sauke kaya, ta ɗauki wasu ta wuce da su sauran biranen Asiya. A shekarun 1980, lokacin da rediyo da kwamfuta da kayan gyaran mota na Japan suke cika duniya, wannan takarda ita ce rumfar bakin ƙofa. Smith ya yi shekaru yana neman irinta ta hanyar gwamnati, abin da ya samu kaɗan ne. A Disamba 1988 aka sanar da ciniki, dala miliyan 880, ga kuma bashin Damisa da ya ɗauka a kansa. Ranar 7 ga Agusta 1989 aka haɗe kampanonin biyu, da izinin sauka a ƙasashe 21.

Shaidar cewa takardar aka bi, ai sai a dubi abin da aka yi da jiragen. Manyan Boeing 747 da Damisa take alfahari da su, FedEx bai daɗe da su ba, cikin ƴan shekaru ya rabu da su ya koma ga irin jiragen da suka dace da tsarinsa. Tebur mai ƙafa uku da rabi ke nan. Tokiyo kam har yau yana sauka.

Rigimar da ta fi zafi a cikin gida aka yi ta, kuma duk wanda ya taɓa zama tasha zai gane ta. A tasha layi shi ne kome: wa ya riga shiga, wa zai yi lodi yanzu. Haka wurin matuƙan jirgi. Lambarka a jerin daɗewa ita ke cewa wane jirgi za ka tuƙa, ko kai ne kyaftin ko mataimaki, nawa za ka ɗauka a wata, ko za ka yi salla a gida. Yanzu a ce an haɗe tasha biyu. Mutanen FedEx suna cewa mu muka saye ku, ku bi bayanmu. Mutanen Damisa suna cewa wasunmu suna ƙetare teku tun kampaninku bai zo duniya ba. Bugu da ƙari ƴan Damisa suna da sandika, ƴan FedEx ba su da ita, Smith kuma ba ya son jin sunanta. Sai da aka kai maganar gaban mai sasantawa ya saƙa jerin biyu cikin juna, kuma kowane ɓangare ya fito yana jin an danne shi. A 1993 matuƙan FedEx suka jefa ƙuri'a suka shiga sandika. Ban ce sayen Damisa kaɗai ya jawo haka ba, amma wanda ya sayi rumfa ya sayi maƙwabtanta.

Riba ma ba ta zo da wuri ba. Harkar waje ta yi ta cin kuɗi, har a 1992 FedEx ya janye daga raba saƙo tsakanin biranen Turai, ya sallami dubban ma'aikata. Amma bai fasa sayen hanya ba. A 1995 ya sayi izinin zuwa ƙasar Sin daga hannun kampanin Evergreen. Turai kuwa sai 2016 ya koma mata da ƙarfi, ya sayi TNT na Holan a kan yuro biliyan 4.4, bayan Tarayyar Turai ta hana UPS wannan ciniki a 2013 don kada masu gasa su ragu.

Mu ma nan mun ga irinta, ko da ba kampanin kaya zalla ba ne. Iyayenmu sun san UTA, mai sauka Yamai. A 1990 Air France ta saye shi da hanyoyinsa na Afirka, sunan ya ɓace. Air Afrique, wadda Nijar take cikin masu ita, ta mutu a 2002. Ga ƙasar da ba ta da bakin teku, wadda magani ko kayan gyaran inji na gaggawa sai ta sama suke iso mata, raguwar masu saukowa ba labarin nesa ba ne.

Akwai kuma cinikin da takardar ta ƙi sayuwa. A 2003 DHL, mallakar gidan wayar Jamus, ya biya dala biliyan 1.05 ya sayi Airborne Express don ya kara da FedEx da UPS a gidansu. Dokar Amurka ta hana baƙo riƙe fiye da kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'ar kampanin jirgin sama, saboda haka aka ware jiragen a wani kampani daban, ABX Air, DHL ya zama ɗan haya a kan abin da ya zo nema. Cibiyar tantance kayan tana Wilmintan, wani ƙaramin gari na jihar Ohayo mai mutum kamar dubu 12. Bayan shekara biyar ana asara, a Nuwamba 2008 DHL ya ce ya bar harkar cikin Amurka. Aiki wajen dubu 8 ya tafi a garin da kewayensa.

Da na ba Kawu wannan labari na ƙarshe, yana auna wa wata mata shinkafa, bai ɗago kai ba ya tambaye ni, "Su masu sayar musu da abinci fa, ina suka nufa?"