Tsakanin Cuta da Jinya: Nazarin Lambar Z47.32 a Kundin ICD-10-CM

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake bai wa majinyaci lamba bayan an cire masa gaɓar ƙugu ta wucin gadi. Ta nuna cewa abin da ke raba lambobin da suka shafi wannan hali shi ne matsayin cutar da kuma niyyar likita, kuma duka biyun sai a rubuce ake gane su.

Muhimman kalmomi: gaɓar ƙugu, jinya bayan tiyata, lambobin cututtuka

Gabatarwa

Amurka ta koma amfani da ICD-10-CM ranar 1 ga Oktoba, 2015, kundin lambobin cututtuka da ta gina a kan na Hukumar Lafiya ta Duniya. Da shi ake biyan kuɗin inshora, da shi ake ƙididdigar cututtuka. Idan ƙwayoyin cuta suka kama gaɓar wucin gadi, likitoci kan yi tiyata hawa biyu: a cire gaɓar a saka simintin ƙashi mai ɗauke da magani, bayan makonni kuma a dasa sabuwa. Wace lamba ce ta dace da kowane hawa?

Hanyar bincike

An bi nassin kundin da ƙa'idojinsa, an kwatanta rukunonin T84.5 da Z47.3 da Z89.62.

Sakamako da tattaunawa

Muddin ana yaƙi da ƙwayoyin cutar, lambar T84.51 ce ta dace ga ƙugun dama, T84.52 ga na hagu, tare da harafin A a gurbi na bakwai. Ƙa'ida ta hana sanya lambar jinya alhali magani na fuskantar cutar da ke ci.

Idan cutar ta kau, majinyaci ya dawo domin a dasa masa sabuwar gaɓa, nan ne Z47.32 ke shigowa. 'Yan'uwanta su ne Z47.31 ta kafaɗa da Z47.33 ta gwiwa. Z47.32 ta bambanta da Z47.1, wadda ke nufin jinya bayan dasa gaɓa.

Wanda kuwa ke zaune ba gaɓa, kamar wanda aka yi wa tiyatar Girdlestone, wato aka cire gaɓar ba a dasa wata ba, lambarsa Z89.621 ce ko Z89.622. Kundin ya hana haɗa waɗannan da Z47.32 a kan ƙugu guda.

An kuma gano giɓi biyu. Z47.32 ba ta faɗin dama ko hagu, kuma ba ta faɗin dalilin cire gaɓar. Mai ƙididdigar da ya dogara da ita kaɗai ba zai iya raba wanda ƙwayoyin cuta suka kama da wanda gaɓarsa ta kwance ba.

Kammalawa

Mai sanya lamba ba ya ganin majinyaci, fayil kawai yake gani. Don haka maƙalar ta ba da shawarar likita ya riƙa rubuta abubuwa uku ƙarara: ɓangaren da aka yi wa aiki, ko cutar ta warke, da ko akwai shirin sake dasawa.