Bindiga Mai Rami Shida da Ake Zuba wa Harsashi Biyar



A watan Janairun 1876, a garin Wichita na jihar Kansas ta Amurka, wani ɗan sanda mai suna Wyatt Earp yana zaune cikin wata mashaya sai ƙaramar bindigarsa ta zame daga kube ta faɗi. Babu wanda ya taɓa kunamarta, amma ta tashi. Harsashin ya huda kwat ɗinsa, ya daki bango, ya fice ta rufi. Saura ƙiris da mutumin da ya yi suna a artabun Tombstone na 1881 ya mutu da makamin kansa. Laifin na guduma ne, ɗan ƙarfen nan da ke ƙeyar bindiga wanda yake dukan gindin harsashi.

Libarbar wancan zamani, irin wadda muke gani a finafinan kaboyi, tana da ganga mai ramuka shida da ke juyawa. Kunamarta aiki ɗaya tak ta sani: sakin guduma. Kafin kowane harbi sai mutum ya ja gudumar baya da babban yatsa, ya ɗana ta.

Mafi shahara a cikinsu ita ce Colt Single Action Army, wadda sojojin Amurka suka karɓa a 1873. Gudumarta na da dogon kunne da ya miƙe sama, ga tsinken da ke fasa gindin harsashi a maƙale a goshinta. Idan an kwantar da ita a kan rami mai harsashi, tsinken yana zaune ne a kan wuta. Maƙeranta sun yi mata 'yar tsaga da za ta riƙe ta nesa kaɗan, sai dai tsagar siririya ce, faɗuwa ɗaya na iya karya ta. Don haka masu hankali suka samo dabara: a zuba ɗaya, a tsallake rami ɗaya, a zuba huɗu, a ɗana, a kwantar a hankali. Gudumar za ta sauka a kan ramin da babu komai. Ka ga ke nan mai shida ta koma mai biyar.

A 1894 Colt ya fitar da samfurin Bisley, sunan wani filin gasar harbi a Ingila. An sauko da kunnen gudumar ƙasa, an faɗaɗa shi, domin yatsa ya kai gare shi ba tare da hannu ya saki riƙo ba. Wannan ya gyara saiti, amma tsinken yana nan inda yake, haɗarin ma haka.

Gyaran gaske sai a 1973, shekara 100 cif bayan Colt Single Action Army. Kamfanin Ruger, wanda yake ƙera Blackhawk tun 1955, ya sake fasalin gudumar. A kwance, tana jingina ne da jikin bindigar, ba ta kai wa ga tsinken, shi kuma tsinken yana zaune daban. Tsakaninsu akwai wani siririn ƙarfe da ba ya tasowa sai an ja kunama har ƙarshe. Idan ya taso, guduma ta doke shi, shi kuma ya doki tsinke. Idan bai taso ba, ko bindigar ta faɗi a kan dutse ba za ta tashi ba. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, kamfanin Iver Johnson ya yi amfani da ita tun shekarun 1890 a wani nau'in libarba. Daga baya Ruger ya riƙa gyara tsofaffin bindigoginsa kyauta.

Har yau masu son kayan da suna ƙorafi: tsohuwar guduma tana ƙara sau huɗu idan ana ɗana ta, sabuwar ta rasa wannan kiɗa. Amma tsohuwar ta dogara ne ga mutum ya tuna da ramin nan kullum, a gajiye ko a firgice, alhali ɗan Adam ajizi ne. Wanda ya manta sau ɗaya, ba lallai ya yi sa'ar Earp ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.