Tarihin Tallafa wa Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa a Jalingo

A da can, kula da yaron da aka haifa da jinkirin magana ko raunin fahimta a Jalingo nauyin gida ne. Iyaye da kakanni ke riƙe shi, ana kai shi wurin malamai da masu maganin gargajiya, sau da yawa ana ɗora ciwon a kan iskoki. Makafi da guragu da kutare a garuruwan Arewa suna da sarakunansu masu yi musu magana a fada. Masu lalurar ƙwaƙwalwa ba su samu irin wannan tsari ba.

Makarantun mishan ma, kamar ta makafi da aka buɗe a Gindiri a 1953, sun fi karkata ga nakasar da ido ke gani. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da ilimi na musamman, kuma Jalingo ta zama babban birnin Taraba a 1991, amma aikin tallafa wa masu lalurar ƙwaƙwalwa bai wuce ma'aikatun walwalar jama'a da ilimi ba.

Babban sauyi ya zo a Janairun 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar hana nuna wariya ga nakasassu, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Dokar ta tanadi magani kyauta a asibitocin gwamnati ga masu lalurar ƙwaƙwalwa, da takardar shaidar nakasa bisa binciken likita. A Jalingo, irin wannan bincike yakan fara ne daga asibitoci kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya.