Tarihin Hasken Leza Da Ya Ƙi Tsayawa Wuri Ɗaya

Yau babu darasin saitin waya, tarihi za mu ɗan taɓa.

Duk mai buɗe iPhone da fuskarsa yana amfani da leza ko bai sani ba. A cikin leza akwai ɗan ɗaki mai madubi biyu suna kallon juna, haske na kai-komo tsakaninsu har ya yi ƙarfi ya fito. Na cikin waya bai kai kaurin silin gashi ba.

A shekarar 1960 Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Amurka, da dutsen yakutu. Ba a jima ba masu gwada irinta suka lura da wani abu: hasken ba ya fita sumul, sai dai ya riƙa bugawa kamar zuciya, kuma bugun babu tsari, alhali ba wanda ya taɓa shi. Da yawa sun ɗauka matsalar kayan aiki ce kawai.

Amsar ta zo ne daga inda ba a zata ba, wato hasashen yanayi. A 1961 Edward Lorenz yana lissafin yanayi da kwamfuta, sai ya shigar da 0.506 maimakon 0.506127 don ya rage wahala. Sakamakon ya fito daban gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da masana ke kira hargitsi: abu yana bin doka sak, amma ɗan bambanci ƙanƙani a farko ya isa ya hana ka sanin ƙarshensa. A 1975 Bajamushe Hermann Haken ya nuna cewa lissafin leza da na Lorenz kusan abu ɗaya ne. Ni a ganina nan ne labarin ya juya, domin daga ranar rawar hasken ta tashi daga laifi ta koma abin nazari.

Sai Kensuke Ikeda na Japan a 1979. Ya lissafa cewa idan haske yana zagaya ɗaki mai ɗauke da sinadarin da halinsa ke canzawa gwargwadon ƙarfin hasken, to hasken ya canza sinadarin, sinadarin ya canza hasken, haka dai har a fara bugu, daga nan a faɗa hargitsi. A 1981 aka ga hakan a gwaji a Jami'ar Arizona.

To me wannan ya amfana mana? Masu ƙera na'urar CD sun sha fama da hasken da ke dawowa daga faifai yana rikita leza. Ɗaya daga cikin magungunan da suka samo shi ne leza mai bugu da kanta, wadda wannan hasken bai cika damunta ba. A 2005 kuma aka ɓoye saƙo cikin hasken hargitsi, aka tura shi kilomita 120 ta wayar faiba a birnin Atina na Girka, aka kuma ciro shi a ɗaya ɓangaren.

Wanda ya fi shafarmu shi ne tsaro. Makullin sirrin da ke kare saƙonninka da manhajar bankinka daga lambobin da ba a iya hasashe ake haɗa shi, ita kuwa kwamfuta ba ta iya ƙirƙiro irinsu da kanta ba, don umarni take bi. A 2008 Atsushi Uchida da abokan aikinsa a Japan suka samar da irin waɗannan lambobi daga leza biyu masu hargitsi, bit biliyan 1.7 a daƙiƙa ɗaya.